Baba Simon: Fadan da ya hau duwatsun Mandara ba takalmi

Ranar 20 ga watan Mayu, 2023, hankalin kowa a nan Kamaru yana kan fareti, domin ita ce ranar bikin haɗin kan ƙasa. A wannan rana ce fadar Paparoma ta sanar da cewa Paparoma Francis ya amince a riƙa kiran wani limamin Katolika ɗan ƙasarmu, Simon Mpeke, da laƙabin "abin girmamawa", wanda mataki ne a kan doguwar hanyar da cocinsu ke bi kafin ta sa mutum a sahun waliyyanta. Labarin ya zo hannuna cikin tarin takardun da zan karanta a rediyo. Na karanta shi cikin jimla biyu, na wuce zuwa labarin wasanni. Da aka buɗe layin waya sai wani dattijo Musulmi daga wajen Mora ya kira. Bai nemi a sa masa waƙa ba, bai kuma aika gaisuwa ga kowa ba, gyara ya zo yi mini. Ya ce in ban sani ba, mutumin da na kira Simon Mpeke, a can ƙasarsu Baba Simon ake ce masa, kuma bai kamata a wuce da labarinsa kamar ana karanta farashin albasa ba.

Kunyar da na ji ranar ce ta sa na shiga bin tarihin mutumin. Ni Musulmi ne, na kuma san akwai mai karatun da zai ce me ya haɗa mu da tarihin Fada. Abin da ya haɗa mu shi ne mutanen da ya yi wa hidima. Maƙwabtanmu ne, muna cin kasuwa da su a Mora da Marwa, kuma ba za a gane girman abin da ya yi musu ba sai an fara faɗin abin da aka yi musu kafin zuwansa, wanda akwai hannun kakanninmu a ciki.

Mutanen kan dutse

Wanda ya taɓa bin hanyar Marwa zuwa Mora zai hango duwatsun Mandara ta hannun hagunsa. Sun miƙe ne a kan iyakar Kamaru da Najeriya, tsawon kusan kilomita 200, daga wajen kogin Binuwai a kudu har zuwa Mora da Gwoza a arewa. A kansu akwai ƙabilu masu yawa, kamar Mafa da Mada da Muyang da Zulgo da Uldeme da Moloko da Podoko, kowace da harshenta, har ta kai mutanen wannan dutse ba sa jin na dutsen da suke hange. Masana harsuna sun tabbatar da cewa waɗannan harsuna dangi ɗaya ne da Hausa, duk 'yan gidan harsunan Cadi ne. Wato ta wajen harshe, mutumin Mada ya fi kusa da Bahaushe fiye da yadda Bafulatani ko Babarbare yake kusa da shi.

Manoma ne na ban mamaki. Dutsen da Bahaushe zai duba ya ce ko akuya ba za ta ƙoshi a kansa ba, su sun jera duwatsu sun tare ƙasa hawa-hawa kamar matakala, tun daga gindi har ƙoli, suna noma dawa da gero da wake. Sukan turke sa a cikin ɗaki ana ciyar da shi shekara biyu ko fiye, sai ranar babban bikinsu a fito da shi. Sun yarda akwai Allah a sama wanda ya halicci komai, sai dai suna miƙa roƙonsu ta hannun kakanni, kuma kowane dutse yana da dattijon da ke jagorantar yanka da roƙon ruwa.

Ruwa ba ya tsami banza. Ba son wahala ne ya manne su a kan dutse ba alhali ga fili shimfiɗe a ƙasa. Daular Wandala, wadda muke kira Mandara, sarakunanta sun musulunta a farkon ƙarni na 18, kuma wani babban kaso na arzikinta daga bayi yake, waɗanda ake kamowa daga duwatsu a sayar Barno da gaba da Barno. A 1823 Baturen Ingila Dixon Denham ya bi wata runduna daga Barno zuwa Mandara, ya ga farautar bayi da idonsa, kuma a rubutunsa an ga kalmar nan ta Kirdi, sunan da mutanen fili ke kiran waɗanda ba Musulmi ba. Bayan Modibbo Adama ya karɓo tuta daga Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, sarakunan Fulani masu sarautar lamido suka kafu a kewayen duwatsun, harin kuwa bai tsaya ba. Akwai shaida daga bakin mai abin da kansa. Hamman Yaji, lamidon Madagali a ɓangaren da yake Najeriya yanzu, ya sa an riƙa rubuta masa kundin al'amuransa na yau da kullum daga 1912 zuwa 1927, kuma a ciki an jera hare-haren da ya aika kan ƙauyukan dutse da yawan mutane da shanun da aka kamo. Wannan duk a cikin ƙarni na 20 ne, zamanin da kakannin wasunmu suna samari.

Zuwan Turawa bai sauya abin da yawa ba. Jamusawa sun ci Marwa a 1902, Faransawa suka gaje su bayan sojojin Jamus na ƙarshe sun miƙa wuya a dutsen Mora a watan Fabrairun 1916. Dukansu sun ga ya fi musu sauƙi su mulki duwatsu ta hannun sarakunan fili. Wanda yake farautarka jiya, yau shi ne mai karɓar harajinka. Makaranta da asibiti kuwa sai a manyan garuruwa.

Sunayen da aka laƙaba musu sun isa su nuna matsayinsu. Kirdi, in ji mutanen Mandara da Barno. Arna, in ji mu Hausawa. Haɓe, in ji Fulani, kuma ita ce kalmar da aka kira sarakunanmu na Hausa da ita kafin jihadi, abin da ya kamata ya sa mu san zafinta.

Yaron Edeya

Mutumin da ya zo ya zama uba ga waɗannan mutane daga can kudu ya fito, cikin kurmi, inda ruwan sama ba ya yankewa. An haifi Mpeke a 1906 a ƙauyen Batombe kusa da garin Edeya, a bakin kogin Sanaga. Ɗan ƙabilar Bakoko ne, iyayensa manoma ne masu bin addinin gargajiya. Ya fara karatu a makarantar 'yan mishan Jamusawa, yaƙin duniya na farko ya kore su, limaman Faransawa suka maye gurbinsu. A hannunsu aka yi masa baftisma ranar 14 ga Agusta, 1918, ya ɗauki sunan Simon.

Ya fara aiki a matsayin malamin makaranta. A wancan zamani yaro baƙar fata bai taɓa kawo wa ransa zai iya zama Fada ba, don duk Fadan da ya taɓa gani Bature ne. Da Simon ya gane cewa a wasu ƙasashen Afirka akwai baƙaƙe da suka kai wannan matsayi, sai ya fasa auren da aka shirya masa, ya shiga makarantar horar da limamai ta Yawunde a 1924. Shekara 11 ya yi yana karatu. Ranar 8 ga Disamba, 1935, aka naɗa rukunin farko na limaman Katolika 'yan Kamaru, su 8, yana cikinsu.

Akwai wani abu da ya yi tun yana ɗalibi wanda ya nuna irin mutumin da zai zama. Ya zauna ya yi rubutu a kan addinin gargajiya na mutanensa Bakoko, a lokacin da yawancin 'yan mishan ke kallon irin wannan addini a matsayin duhu zalla da bai cancanci a tsaya a nazarce shi ba. Shi ya san mahaifinsa da mahaifiyarsa a cikin wannan addini suka haife shi, suka kuma yi masa tarbiyya. Duk inda ya je daga baya bai manta da wannan ba.

Daga New-Bell zuwa arewa

Bayan ya yi shekaru a mishan ɗin Ngobayang cikin kurmi, a 1947 aka kawo shi Duwala, unguwar New-Bell. Duk Bahaushen da ya san Duwala ya san New-Bell, domin nan ce unguwar baƙi, nan 'yan uwanmu fatake da mahauta suka kafa zangonsu da masallatansu, suna zaune kafaɗa da kafaɗa da Bamileke da Basa da Ewondo. Unguwa ce ta talakawa da leburori, kuma cibiyar siyasar neman 'yanci. A Duwala aka kafa jam'iyyar UPC a 1948, a New-Bell kuma tarzomar watan Mayun 1955 ta fi ƙamari. Fada Simon ya shugabanci cocin wannan unguwa a cikin waɗannan shekaru masu zafi, ya raya ta har ta zama ɗaya daga cikin manyan majami'un birnin. Ya zama sananne, mai faɗa a ji a tsakanin limaman ƙasa.

A wannan lokaci ne ya haɗu da mabiya tafarkin Charles de Foucauld, Bafaranshen nan da ya bar aikin soja da dukiya ya tare a Tamanrasat cikin Buzaye, ya tattara ƙamus na harshensu, har aka kashe shi a can a 1916. Koyarwar mabiyansa ita ce mai wa'azi ya zauna cikin talakawa, ya ci abin da suke ci, ya bari halinsa ya yi magana kafin bakinsa. Simon ya rungumi wannan tafarki. Tun a shekarar da ya zo Duwala ya karanta labarin mutanen duwatsun arewa, abin ya tsaya masa a rai, ya yi ta roƙon a bar shi ya tafi.

A lokacin akwai 'yan mishan a arewa. Na Furotesta sun shigo tun shekarun 1920, na Katolika kuma suka iso a 1946 ƙarƙashin jagorancin Yves Plumey, wanda ya zama bishop na Garwa. Amma dukansu Turawa ne. Ba a taɓa ganin limami ɗan kudu ya bar ƙasarsu ya zo aikin bishara arewa ba. A 1957 Paparoma Pius na 12 ya fitar da wasiƙar da ake kira Fidei Donum, wadda ta ƙarfafa wa bishop-bishop gwiwa su ba da aron limamansu ga yankunan da ba su da su. A shekarar kuma Thomas Mongo, ɗan ƙasa, ya zama bishop na Duwala, shi ne ya sallami Simon. A watan Fabrairun 1959, yana da shekara 53, shekarun da mutum ke neman inda zai zauna ya huta, ya bar babban coci a babban birni ya yi tafiyar fiye da kilomita 1,000 zuwa ƙasar da bai san harshenta ba, bai saba da abincinta ba, bai kuma taɓa ɗanɗana zafin ranarta ba.

Tokombere

Ya fara sauka a Mayo-Uldeme wurin 'yan uwansa mabiya Foucauld, daga nan ya koma Tokombere, wani wuri a gindin duwatsu tsakanin Marwa da Mora, inda iyakokin Mada da Muyang da Zulgo da wasu ƙabilu suka haɗu. A nan ya haɗa hannu da wani likita ɗan ƙasar Suwizalan mai suna Giuseppe Maggi, wanda ya kafa asibitin garin. Wannan likita shi ma abin a ba da labarinsa ne, domin asibitoci da dama ya gina a Kamaru, na ƙarshensu a kusa da tafkin Cadi, kuma a ƙasar nan ya ƙare rayuwarsa a 1988. Daga baya wasu mata masu hidimar coci, waɗanda ake kira sista, suka biyo Simon daga Duwala suka kama aikin makaranta da kula da mata.

Abin da mutanen wurin suka fi tunawa da shi ƙafarsa ce. Ba ya sa takalmi. Da doguwar rigarsa ta limamai da sandarsa, haka yake hawa dutse yana sauka, daga wannan gida zuwa wancan. Wanda ya san yadda dutsen Mandara ke ɗaukar zafi a watan Afrilu ya san wannan ba ƙaramin abu ba ne. Mutanen dutse ba su da takalma, kuma duk mai takalmin da suka taɓa gani yana hawowa wurinsu, ko a kan doki ko da rakiyar 'yan sanda, wani abu ya zo karɓa: haraji, ko 'yan aikin tilas, ko kuma a zamanin iyayensu, 'ya'yansu. Wannan kuwa ya zo ƙafa tsirara, ya zauna a ƙasa inda suke zama, ya sha ruwa a ƙwaryar da suke sha. A hankali sunan Fada ya faɗi, Baba ya maye gurbinsa.

Bai fara da rushe wuraren tsafi ba. Ya nemi dattawan da ke jagorantar addinin gargajiya a kan duwatsu, ya zauna ya saurare su, har wasunsu suka zama aminansa. Bai ɓoye abin da ya gano ba, cewa ya tarar da mutanen da suka riga suka san akwai Allah, suna kuma tsoronsa a bisa saninsu. Wannan magana ta yi wa wasu 'yan uwansa limamai nauyi a lokacin. Ita ce kuma ta buɗe masa ƙofofin da da ƙarfi ba za su buɗu ba, domin dattijon da ka fara da zagin ubansa ba zai ba ka ɗansa ka koyar ba.

Ɗan kuwa shi yake nema, don makaranta ita ce babban aikinsa. Yakan kwatanta ta da mabuɗi, ya ce shi nasa ya miƙa, buɗe ƙofa kuma ya rage ga mai riƙe da shi. Samun ɗalibai bai zo da sauƙi ba. Iyayen da aka saba raba su da 'ya'yansu suna da dalilin yin shakka in baƙo ya ce a ba shi yaro, ga shi kuma kowane hannu ana buƙatarsa a gona. Sai da ya bi gida-gida yana lallashi. Yaran da suka sauko daga nesa ya ajiye su a wurinsa, ya ciyar da su da ɗan abin da ke hannunsa. A cikin ajin nan ne ɗan Mada da ɗan Muyang da ɗan Zulgo, waɗanda iyayensu ke yi wa juna kallon abokan gaba, suka fara zama a kan benci ɗaya.

Lokacin da ya zo ya dace da samun mulkin kai. Ranar 1 ga Janairu, 1960, Kamaru ta zama 'yantacciya ƙarƙashin Ahmadu Ahidjo, mutumin Garwa. A arewa, mulki ya kasance a hannun Musulmin fili, tun daga gwamna har mai unguwa. A shekarun 1960 hukuma ta matsa wa mutanen dutse su sauko fili, a kan hujjar cewa a nan ne za a fi kai musu ci gaba, amma da yawansu sun sauko ne suka tarar ƙasar tana da masu ita, suka zama 'yan aro a gonakin wasu. Mai neman aikin gwamnati ko sarautar ƙauye ya san hanyarsa za ta fi sauƙi in ya sauya suna ya sa babbar riga. Samun izinin buɗe makarantar mishan kuwa sai an sha fama. A irin wannan yanayi, mutumin da ke koya wa 'ya'yan Kirdi karatu da lissafi, yana gaya musu cewa su ma 'yan ƙasa ne masu haƙƙi, ba zai yi farin jini wurin masu iko ba. Manomin da ya iya karanta takardar haraji, ya kuma iya duba sikeli ranar awon auduga, ya fi wuyar cuta.

Duk da haka bai mai da aikinsa gaba da Musulmi ba. Ya yi mu'amala da su ta mutunci, ƙofar asibitin kuma a buɗe take ga duk wanda ciwo ya kawo. Abin da ya yaƙa shi ne raini, ko daga wa ya fito, har da rainin da mutanen dutse suka koyi yi wa kansu. Ya ɗauki kalmar nan ta Kirdi, wadda zagi ce, ya riƙa nuna wa yaransa cewa ba abin sunkuyar da kai ba ce.

Abin da za a iya cewa a kansa

Ɗan Adam tara yake bai cika goma ba, kuma tarihi ba kirari ba ne. Baba Simon ɗan mishan ne, ya zo ne da burin mutane su karɓi addinin Kirista, bai kuma taɓa ɓoye hakan ba. Musulmin da ya yi masa kallon mai gasa da shi wajen jan mutane bai yi kuskure ba. Haka nan dattijon dutse da ya ji tsoron makaranta za ta raba shi da ɗansa, tsoronsa ya tabbata ta wani fanni, domin yaron da ya yi boko ya tafi Marwa ko Yawunde da wuya ya dawo ya gaji tukwanen kakanni. Ko sunan Kirdi da ya wanke, bayan an buɗe fagen jam'iyyu da yawa a farkon shekarun 1990 ya shiga bakin 'yan siyasa, wani lokaci ya zama sandar dukan Fulani da Hausawa baki ɗaya, har da talakan da bai taɓa mallakar bawa ba.

Amma in mun faɗi wannan, sai mu juyo da tambayar kanmu. Musulunci ya yi fiye da shekara 200 a gindin waɗannan duwatsu kafin Simon ya iso. Malamai nawa ne suka hau da allo da tawada suka zauna cikin mutanen, idan aka kwatanta da mahaya nawa suka hau da igiya? Addininmu ya koya mana girmama ɗan Adam da haƙƙin maƙwabci, ko da ba Musulmi ba ne. Matsalar ita ce wanda ya musulunta bai halatta a bautar da shi ba, don haka masu cin riba da bayi ba su da sha'awar ganin dutse ya musulunta. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Wanda ke jin haushin yawan coci-coci a duwatsun Mandara yau, ya kamata ya fara sanin wannan tarihi.

Bayan tafiyarsa

Shekara 16 ya yi a arewa. Jikinsa ya gaji, aka kai shi Faransa neman magani, aka dawo da shi gida ba tare da ya samu sauƙi ba. Ya rasu a Edeya ranar 13 ga Agusta, 1975, kwana ɗaya kafin cikarsa shekara 57 da yin baftisma. A can aka binne shi, nesa da duwatsun da ya ƙarar da ƙarfinsa a kansu.

Alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza. Tun yana raye, a 1971, wani matashin limami ɗan kudu mai digirin digirgir daga Faransa, Jean-Marc Ela, ya zo Tokombere ya zauna tare da shi. Abin da Ela ya gani a nan, musamman yadda noman auduga ke cinye gonakin gero yana barin rumbu wayam, shi ya zama tushen littattafansa da ake karantawa a jami'o'in duniya. Ya yi gudun hijira zuwa Kanada a 1995, ya rasu a can a 2008. A shekarar da Baba Simon ya rasu kuma wani Bafaranshe, Christian Aurenche, wanda Fada ne kuma likita, ya karɓi asibitin. Shi ya faɗaɗa aikin ya fitar da shi daga cikin gini zuwa ƙauyuka, ana horar da 'yan ƙauye su kula da tsafta da abincin yara da rigakafi, aka haɗa da harkar noma da ta matasa. An kuma gina makarantar sakandare mai ɗauke da sunan Baba Simon. Ɗaya daga cikin yaran da ya rena, Jean-Baptiste Baskouda, ya kai ga manyan muƙamai a gwamnati, shi ne kuma ya rubuta littafin tarihinsa da ya fito a 1988, wanda ya kira shi uban Kirdi.

Sai kuma wata sabuwar masifa ta zo wa yankin. A watan Nuwamban 2013 'yan Boko Haram suka sace Fada Georges Vandenbeusch a Ngecewe, a watan Afrilun 2014 kuma aka sace limamai biyu 'yan Italiya da wata sista 'yar Kanada a Cere, kusa da Marwa. Duk an sako su daga baya, amma yawancin Turawan mishan sun janye daga yankin. Hare-haren da suka biyo baya a Kolofata da Amcide da kewayen Mora ba su tambayi addinin kowa ba, an kashe limamin masallaci an kashe mai wa'azin coci, an ƙone rumbun Musa an ƙone na Moyis. A wannan lokaci ne aka ga amfanin abin da Baba Simon ya shuka. Da baƙi suka tafi, asibiti da makarantu ba su rufe ba, domin akwai 'yan ƙasa da aka koyar, jikokin mutanen nan da ake cewa ba su da kan karatu.

Abin da ya rage mana

Mu ma'aikatan rediyo kalma ce jarinmu, shi ya sa wannan tarihi ya taɓa ni ta inda ban zata ba. Na girma ina jin ana cewa arnan dutse ba tare da na taɓa jin nauyin maganar ba. Ko a wurin aiki mukan yi gardama a kan ko wanda ba Musulmi ba rasuwa yake yi ko mutuwa. Har yau a wasu gidajenmu akwai kwanon da aka ware wa yarinyar aiki 'yar dutse, akwai kuma leburan da ake kira da sunan ƙabilarsa shekara da shekaru ba a taɓa tambayar sunansa na yanka ba. Farautar bayi ta ƙare, amma kallon da ya halatta ta bai gama fita daga idanunmu ba.

Ba ina kiran kowa ya bi addinin Baba Simon ba, ni ma ban bi ba. Hisabinsa yana wurin Allah, kamar na kowa. Abin da nake cewa shi ne mutumin nan ya bar daula ya zo ya zauna da waɗanda muka raina, ya kira su da sunayensu, ya ba 'ya'yansu ilimi, ya nema wa marasa lafiyarsu magani, har dattijo Musulmi a Mora, bayan kusan shekara 50 da rasuwarsa, yana jin zafin a wuce da labarinsa cikin jimla biyu. Masu kuɗinmu da ƙungiyoyinmu na addini da ke son yin aikin alheri a ƙauyuka suna da darasi a nan. Buhun shinkafa da aka raba aka ɗauki hoto aka juya mota, kwana uku ne ya ƙare. Zuwa da kai ya fi saƙo, zama kuma ya fi zuwa.

A mako na gaba da wannan kira, na ware rabin awa a shirina na ba da tarihin Baba Simon gwargwadon abin da na tattara a lokacin. Dattijon bai sake kira ba, amma ina fata ya saurara. Allah ya ba mu ikon ganin mutuncin maƙwabcinmu tun yana raye, ya zaunar da ƙasashenmu lafiya, amin.